Iyafis ko na'urar taimaka wa ji: me dokar Amurka ta halatta, kuma wa za ta amfana?

A ranar 12 ga Satumba, 2024, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta amince wa kamfanin Apple ya sanya wa iyafis ɗinsa samfurin AirPods Pro 2 wata manhaja da ke mayar da shi na'urar taimaka wa ji. Kafin nan, tun 17 ga Oktoba, 2022, wata doka ta fara aiki a ƙasar wadda ta halatta sayar da wani rukuni na na'urorin ji a kanti da intanet ba tare da takardar likita ba. Da labarin ya bazu sai kowa ya fahimce shi yadda ya ga dama. Wasu sun ɗauka duk iyafis mai rage hayaniya maganin raunin ji ne. Wasu sun ɗauka an daina buƙatar gwajin asibiti. Wasu ma sun haɗa shi da na'urar da ake dasa wa kurame ta hanyar tiyata.

Na'urori uku ne ake cakuɗawa: iyafis mai kashe ƙara, na'urar taimaka wa ji, da na'urar dashe. Duka daga fanni ɗaya suka fito, wato sarrafa sigina, inda ake mayar da sauti ko girgiza lambobi, a yi musu lissafi, a mayar da su yadda ake so. Amma aikin kowacce daban, kuma mutanen da kowacce ke yi wa amfani daban.

Ma'auni biyu na sauti

Sauti kaɗawar iska ce. Yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da hatz, ana rubuta shi Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga 20 zuwa 20,000. Rugugin janareta da na babbar mota sauti ne mai kauri, yawancinsa a ƙasa-ƙasa, ɗaruruwan hatz. Baƙaƙe irin su s, sh, ts da f sirara ne, suna sama da 2,000.

Ƙarfin sauti kuma da desibel ake auna shi, kuma ba ya hawa kamar ƙirgen kuɗi. Ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sau biyu, ƙarin 10 yana ninka shi sau goma. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi ita ce kada zama cikin ƙara ya wuce awa 8 a desibel 85, awa 4 a 88, awa 2 a 91, minti 15 kacal a 100. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran raunin ji mai sauƙi idan mutum bai fara jin sauti ba sai ya kai desibel 20 zuwa 34, matsakaici kuma daga 35 zuwa 49. Rahotonta na 2021 ya ce sama da mutum biliyan 1.5 ke da wani mataki na raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar kulawa.

Kashe ƙara da ƙara

Dabarar tsohuwa ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu takardar mallakarta a Amurka a 1936. Sauti yana tafiya ne da matsi da sakewa a jere. In aka fitar da wani sauti mai ƙarfi ɗaya da shi amma a juye, matsin wannan ya faɗa kan sakewar wancan, sai su cinye juna. Na'urorin zamanin Lueg ba su da saurin aiwatar da hakan. Abin da ya buɗe hanya shi ne lissafin da Bernard Widrow da Ted Hoff suka fitar a jami'ar Stanford a 1960, wanda ake kira LMS. Matatar sauti ce mai gyara kanta: tana sauraron ragowar ƙarar da ba ta mutu ba, ta ɗan sauya lambobinta, ta sake saurare, sau dubbai a daƙiƙa, har ragowar ta yi ƙasa.

A iyafis na zamani akwai makirufo a waje mai ɗauko hayaniyar tun kafin ta shiga, da wani a ciki mai auna abin da ya rage a bakin kunne. Wahalar tana wajen lokaci. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, ke nan yana ratsa santimita ɗaya cikin kusan kashi 30 cikin miliyan na daƙiƙa. Kafin a rage ƙara da desibel 20, dole juyayyen sautin ya dace da na asali, kuskuren kada ya wuce digiri 6 cikin 360 na zagayen kaɗawa ɗaya. In kuskuren ya kai digiri 60 babu abin da zai ragu, in ya wuce haka ma ƙarar ƙaruwa take yi. A hatz 100, digiri 6 lokaci ne da na'ura za ta iya cimma cikin sauƙi. A hatz 4,000 kuwa kashi 4 ne kacal cikin miliyan na daƙiƙa. Dalilin ke nan da iyafis ke danne rugugin injin jirgi ko na bas sosai, amma kukan jariri da muryar mutum su ratso. Abin da ke tare siraran sautuka roba ce ko soson da ya toshe kunne.

Haka kuma wurin da shirun ke samuwa ƙarami ne, faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon kaɗawar: santimita 34 a hatz 100, ƙasa da santimita 4 a hatz 1,000. Shi ya sa babu wani akwati da za a ajiye a tsakar ɗaki ya haɗiye ƙarar janaretan maƙwabci. Inda aka yi nasara a fili mai faɗi, ƙarar mai kauri ce kuma mai maimaita kanta. A ƙarshen shekarun 1980, Stephen Elliott da Philip Nelson da abokan aikinsu na Cibiyar Binciken Sauti da Girgiza ta jami'ar Southampton a Ingila sun jera lasifika 16 da makirufo 32 a cikin jirgi mai farfela samfurin BAe 748, suka rage gurnanin farfelar, mai hatz 88, da fiye da desibel 10. Daga baya dabarar ta shiga jiragen fasinja irin su Saab 2000 da Dash 8.

Lissafin nan na LMS ya shiga asibiti tun da wuri. A 1975 Widrow da ɗalibansa sun nuna yadda zai cire katsalandan ɗin wutar lantarki daga zanen bugun zuciya na ECG, da yadda zai cire bugun zuciyar uwa domin na ɗan tayi, wanda ya fi rauni nesa ba kusa ba, ya fito fili.

Abin lura dai shi ne kashe ƙara ragewa yake yi. Ba ya ƙara wa kunnen da ya raunana komai.

Abin da ke lalacewa a kunne

Raunin ji kashi biyu ne babba. Na farko toshewar hanya: dauɗar kunne, ruwa ko mugunya a bayan dodon kunne, hujewar dodon, ko matsalar ƙananan ƙasusuwa ukun da ke bayansa. Da yawa daga cikin waɗannan suna warkewa da wanki, magani ko tiyata.

Na biyu lalacewar kunnen ciki ne, wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi, kusan 3,500 a layin ciki masu aika saƙo ga jijiya, da kusan 12,000 a layukan waje masu ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi. Tsufa, ƙara mai yawa, sanƙarau, ƙyanda, hangum da wasu magunguna irin su allurar jantamaisin suna kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke bakin katantanwar, masu jin siraran sautuka, su suka fi saurin mutuwa.

Daga nan ake samun koken da dattawa ke yawan yi: "Ina jin magana, amma ba na ganewa." Wasula masu kauri suna isowa, baƙaƙe sirara suna ɓacewa, sai "sara", "shara" da "tsara" su zama abu ɗaya a kunne. Akwai kuma matsala ta biyu da ba kowa ya san da ita ba. In ƙwayoyin waje suka mutu, sauti mai rauni ba ya jiyuwa, amma mai ƙarfi yana damun kunnen kamar da, ko ma fiye. Tazarar da ke tsakanin abin da ba a ji da abin da ke ciwo ta ƙuntace. Shi ya sa tsohon da ya ce a ɗaga murya, in an ɗaga sai ya ce a daina yi masa tsawa. Na'urar da ke ƙara wa komai ƙarfi bai ɗaya ba ta warware ko ɗaya daga cikin biyun nan.

Aikin na'urar ji ta gaske

Na'urorin da ke aiki da lambobi zalla sun shigo kasuwa sosai a 1996. Da farko na'urar tana raba sautin da makirufo ya ɗauko zuwa zanguna, daga kaɗan zuwa ashirin ko fiye, masu kauri daban, sirara daban. Kowane zango ana ba shi ƙari gwargwadon abin da gwajin ji ya nuna, gwajin da ake yi daga hatz 250 zuwa 8,000 a kowane kunne. A cikin kowane zango kuma ƙarin ba ɗaya ba ne: raɗa tana samun ƙari mai yawa, magana matsakaici, buga ƙofa kaɗan ko babu. Wannan matsewa ita ke cusa sautukan duniya cikin ƙuntatacciyar tazarar nan. Akwai jadawalin lissafi da aka gina kan bincike domin saita ta, waɗanda suka fi shahara su ne NAL-NL2 na Ostareliya da DSL na Kanada, wanda aka fi yi wa yara amfani da shi.

Sai matsalar fito. Wanda ya taɓa halartar taron da aka kusanta makirufo da lasifika ya san wannan kukan. A na'urar ji su biyun santimita kaɗan ne ke tsakaninsu, sautin da ya yoyo daga kunne yana komawa makirufo, a sake ƙara masa ƙarfi. Maganinsa matatar nan ce mai gyara kanta: tana koyon hanyar yoyon, ta cire shi kafin ya zagayo. Tana ruɗewa idan hanyar ta sauya farat ɗaya, misali an kara waya a kunne ko an ja mayafi ko rawani a kan na'urar, shi ya sa ake jin ɗan fito na ƙiftawar ido. In fiton ya ƙi tsayawa, yawanci robar ba ta zauna daidai ba, ko dauɗa ta toshe kunnen tana mayar da sautin baya.

Hayaniyar taro ita ce har yau ba a gama da ita ba. Makirufo biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, tazarar kusan santimita ɗaya, suna bai wa na'ura damar fifita abin da ke gaba, ribar 'yan desibel kaɗan amma masu amfani. Manhajar rage hayaniya kuwa bincike ya nuna ta fi rage gajiyar sauraro fiye da ƙara fahimtar kalmomi, domin a kasuwa ko gidan biki hayaniyar ita ma muryoyin mutane ce, a zango ɗaya da muryar da ake son ji. Duk wannan lissafi kuma dole ya ƙare cikin 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa). In ya daɗe, mutum zai ji muryarsa sau biyu, ta ƙashin kansa da ta na'ura.

Abin da dokar ta ce

Majalisar Amurka ta zartar da dokar a 2017, FDA ta fitar da ƙa'idojin a Agustan 2022. Sun taƙaita ne ga mai shekara 18 zuwa sama da ke jin yana da rauni mai sauƙi ko matsakaici. Yara ba sa ciki, mai rauni mai tsanani ba ya ciki. Sautin da na'urar ke fitarwa kada ya wuce desibel 111, ko 117 in tana da matsewa da ke aiki. Jinkirinta kada ya wuce milisakan 15. Bakinta ya tsaya aƙalla milimita 10 kafin dodon kunne. Dole kuma mai ita ya iya rage ƙarfin da kansa.

Ƙa'idojin sun wajabta rubuta alamomin da in an gan su likita ake nema: jin da ya ɗauke farat ɗaya ko ya yi saurin raguwa, rauni ko ƙugi a kunne ɗaya kawai, ruwa, jini ko mugunya, ciwo, jiri mai juya ɗaki, ko zargin dauɗa ko wani abu ya shiga. Ɗaukewar ji farat ɗaya lamarin gaggawa ne, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a makonni biyun farko.

Manhajar Apple a wannan rukuni take. Mai ita yana yin gwaji na kusan minti biyar a wayar iPhone a wuri shiru, sakamakon ya saita iyafis ɗin. FDA ta dogara da gwajin da aka yi wa mutum 118. Amincewar da aka bayar a 2024 ta manhajar ce a kan samfurin da aka ambata. Sauran iyafis masu kashe ƙara, da ƙananan na'urorin ƙara sauti masu araha da ke kama da na'urar ji, ba su zama kayan asibiti ba.

Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Hujjar masu goyon baya tsada ce da kunya. A Amurka na'urar asibiti guda biyu takan ci dubban daloli, yayin da AirPods Pro 2 ya fito a dala 249. Mutane sukan yi shekaru suna jinkiri, wasu don kada a ce sun tsufa, alhali iyafis kowa na sawa. Suna kuma da bincike a hannu: wani gwaji da masana jami'ar Pretoria ta Afirka ta Kudu suka wallafa a 2023, kan manya 64 masu rauni mai sauƙi zuwa matsakaici, ya nuna bayan mako shida waɗanda suka saita wa kansu sun amfana daidai da waɗanda ƙwararre ya saita wa.

Masu ɗari-ɗari ba su musa wannan ba. Abin da suke cewa shi ne mutanen irin waɗannan gwaje-gwaje an fara duba kunnensu an tace su, mai saye a kanti kuwa babu wanda ya leƙa kunnensa. Mutum ba ya iya ƙiyasta matakin raunin kansa daidai. Ramin kunne ma ya bambanta, ƙarfin da ya isa dodon wani ba shi ne zai isa na wani ba, don haka ƙwararru ke zura siririn bututu su auna a cikin kunnen. Akwai kuma batir: cajin iyafis awanni ne kaɗan, na'urar ji kuwa an gina ta ne ta wuni a kunne.

In aka auna, hujjojin ba su ci karo sosai ba. Na farkon sun yi daidai game da babba mai raunin tsufa a kunnuwa biyu, wanda kunnensa ba shi da wata cuta. Na biyun sun yi daidai game da duk wanda ba a tabbatar yana cikin wannan rukuni ba.

Jarirai da na'urar dashe

A 1978 David Kemp ya gano a Landan cewa lafiyayyen kunnen ciki yana mayar da ɗan amo in aka aika masa sauti. Amon ya yi rauni ƙwarai, numfashin jariri ma ya fi shi ƙarfi. Ana fito da shi ne ta maimaitawa: a aika sautin sau ɗaruruwa a haɗa amsoshin, amon yana taruwa domin iri ɗaya ne kullum, hayaniya tana cinye kanta. Maimaici 100 yana inganta shi ninki goma. Gwajin jin jarirai da aka gina kan wannan amon na 'yan mintoci ne, jariri na barci. Yakan ba da sakamakon ƙarya a kwana ɗaya ko biyun farko saboda ruwan haihuwa a kunne, sai a sake. Ba ya kuma gano lalacewar jijiya, irin wadda shawara mai tsanani ke jawo wa jariri. Wannan sai gwajin ABR, mai auna amsar jijiya ta wayoyin da ake manna wa a kai. Ƙa'idar da ake bi ita ce tantancewa kafin wata ɗaya, tabbatarwa kafin wata uku, fara taimako kafin wata shida.

Idan ƙwayoyin gashin sun ƙare, ƙarin ƙarfi ba ya amfani. Nan ne na'urar dashe ke shigowa, wadda Ingeborg da Erwin Hochmair a Viyana a 1977 da Graeme Clark a Melbourne a 1978 suka jagoranci ƙera irinta na farko masu zanguna da yawa da aka dasa. Ana zura siririyar waya mai maki 12 zuwa 22, wato wuraren fitar da wuta, cikin katantanwar, na'urar waje ta raba sauti zanguna, kowane maki ya zaburar da jijiya da wutar lantarki. Tsarin da Blake Wilson ya wallafa a 1991, na kunna makin ɗaya bayan ɗaya maimakon tare, ya ɗaga fahimtar magana sosai. Raunin na'urar shi ne hawa da saukar murya, abin da bincike kan masu jin Sinanci ya nuna a fili. Hausa ma harshe ne mai karin sauti, inda hawa da sauka kaɗai ke raba wuyan jiki da wuyar aiki, don haka horon sauraro bayan tiyata ba abin wasa ba ne.

Tasiri ga mai saye a ƙasar Hausa

Dokar ta Amurka ce, ba ta hau kan Najeriya ko Nijar ba. A Najeriya NAFDAC ce ke rajistar kayan asibiti, kuma Apple ma ƙasa-ƙasa yake buɗe manhajar, gwargwadon amincewar hukumomin kowace. Amma kayan da aka saki a can suna isowa kasuwanninmu da shafukan sayayya, tare da kwaikwayonsu. Wanda ba shi da iyakar ƙarfi da matsewa yana iya ƙarasa ragowar jin da ake neman ceta.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne dalilan raunin. Dokar an tsara ta ne domin raunin tsufa. A yankinmu, mai cikin zirin sanƙarau na Afirka, kaso mai yawa na matsalar daga ciwon kunne mai mugunya, sanƙarau, ƙyanda, allurai barkatai da ƙarar wurin aiki yake, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Toshe kunne mai mugunya da iyafis yana tsananta ciwon. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuwa a gwada jinsa da wuri, domin katantanwar tana iya cikewa da ƙashi cikin makonni ko watanni, dashe ya yi wuya. Ana duba kunne a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano da na jami'ar Ahmadu Bello.

Mai injin niƙa, mai walda, mai yankan katako ko mai zama kusa da babban janareta, abin toshe kunne na soso ko na rufewa da aka yi domin aiki yake buƙata. Iyafis mai kashe ƙara na iya sa wurin ya yi kamar ya lafa saboda rugugin ya ragu, alhali siraran sautuka masu cutarwa suna nan.

Wanda aka tabbatar na'ura ta dace da shi, ya tambayi abin da zai ci gaba da kashewa. Batiran na'urar ji lamba huɗu ne, kowace da launin takardarta: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska suke aiki, da zarar an ɓare takardar sun fara ƙarewa ko ba a saka su ba, kuma ƙananan batiran kwanaki kaɗan suke yi. Mai caji yana buƙatar wuta kowane dare. Ƙurar hunturu tana toshe ramukan makirufo, gumi da damshin damina suna cin wayoyin ciki, don haka a goge ta da busasshen ƙyalle, a kwantar da ita cikin gwangwani mai maganin tsotse damshi, a cire ta kafin alwala ko wanka. Mafi yawan na'urorin da ake cewa sun mutu, 'yar matatar dauɗa ce da ke bakinsu ta toshe, kuma ana canza ta cikin minti ɗaya in mai sayarwa yana da ita. A makonnin farko ƙarar takalmi da ta kwanuka za su dami mai sawa, domin ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta ji su ba. Ana farawa da awanni kaɗan a gida ana ƙarawa, sannan a koma a sake saiti bayan mako biyu zuwa huɗu.